Waƙar Wa, Kuma da Izinin Wa? Yadda Ɗalibai Za Su Zaɓi Waƙa da Konsef na Bidiyon Furojet

A sassan koyon aikin jarida, wasan kwaikwayo da fim na jami'o'i da kwalejoji, akwai aikin da kan faɗo wa ɗalibai a tsakiyar zangon karatu. Malami zai raba aji rukuni-rukuni, mutum biyar ko bakwai, ya ce kowane rukuni ya kawo bidiyon waƙa na minti uku zuwa huɗu kafin jarrabawa. Nan take hira kan koma kan wanda ke da kyamara da wanda zai fito a gaba. Sai dai ba can aikin ya fi cijewa ba. Tambayoyi biyu na farko su ne ke kayar da yawancin rukunai: wace waƙa za a ɗauka, kuma me za a nuna a kanta.

A 'yan shekarun nan amsar ta ƙara rikicewa. Najeriya ta sami sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023. A 2024 Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa ta fito da ƙa'ida da ta ambaci bidiyon waƙa da sunansa. A Kano kuma hukumar tacewa ta jiha ta nuna cewa abin da aka ɗora a YouTube ma yana cikin huruminta. Ga shi kuma ɗalibi na jin maganganu iri-iri a bakin abokai: "ai na makaranta ne, ba komai", "in dai ka rubuta sunan mawaƙin, shi ke nan", "ƙasa da daƙiƙa talatin ba ya zama sata". Ta farko tana da ƙamshin gaskiya. Biyun ƙarshe ba su da tushe a doka ko kaɗan.

## Waƙa ɗaya, haƙƙi biyu

Abin da kunne ke ji a matsayin waƙa guda, doka abu biyu take gani. Na farko shi ne baitoci da karin da aka ɗora su a kai, wato abin da mawaƙi ya tsara ko da bai taɓa shiga sitidiyo ba. Na biyu shi ne sautin da aka naɗa, fayil ɗin da ke cikin waya. Kowanne da mai shi, kuma ba dole ba ne su zama mutum ɗaya. Wanda zai haɗa waƙa da hoto mai motsi yana buƙatar yardar ɓangarorin biyu.

Wa'adinsu ma ya bambanta. Baitoci da kari suna ƙarƙashin kariya har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai su ya rasu, sautin da aka naɗa kuwa shekara 50 daga fitowarsa. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, saboda haka waƙoƙinsa ba za su zama na kowa da kowa ba sai bayan 2069, ko da wa'adin wani tsohon faifansa ya cika. Tsufan waƙa da rasuwar mai ita ba sa mayar da ita kayan tsintuwa. Haƙƙin kan koma hannun magada ko wanda aka miƙa wa.

Wata kalma da ke buƙatar fayyacewa ita ce wadda ɗalibai ke kira konsef. Ba shi ne jigon waƙa ba. Jigo shi ne abin da waƙar ke magana a kai: soyayya, talauci, kewar gida. Konsef shi ne shawarar da masu bidiyo suka yanke game da abin da ido zai gani yayin da kunne ke saurare. Waƙa ɗaya mai jigo ɗaya tana iya ɗaukar konsef goma.

## Inda ruɗanin ya samo asali

A da, furojet irin wannan a faifan CD yake ƙarewa. A nuna a aji, malami ya ba da maki, faifan ya shiga durowa. Babu mawaƙin da zai san an taɓa waƙarsa, balle ya yi magana. Yanzu ɗalibi yana son aikin ya zama shaidar iyawarsa idan ya je neman aiki, ko ya shiga gasa, ko dai ya tara masu kallo a TikTok. Da zarar bidiyon ya bar aji, hukuncinsa ya canza.

Yawan irin wannan aiki ma ya ƙaru. A 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta raba kwas ɗin aikin jarida zuwa fannoni bakwai, ciki har da na fim da na watsa shirye-shirye, abin da ya sa aikin hannu ya ƙara nauyi a manhaja. Ga kuma wayar da ke aljihun kowa, wadda ke ɗaukar hoton da a da sai an yi hayar kyamara.

Akwai kuma al'ada. Masana'antar fim ta Hausa ta taso tun farkon shekarun 1990 cikin yanayin da aron kari daga fina-finan Indiya ba abin ɓoyewa ba ne, kuma masu tura waƙa a waya a bakin kasuwa sun saba wa jama'a da samun waƙa ba tare da tunanin mai ita ba. Ɗalibin da ya girma a haka ba mamaki ya ɗauka cewa waƙar da ke cikin wayarsa tasa ce.

## Iyakar "ai na makaranta ne"

Dokar 2022 ta yi rangwame ga wasu nau'o'in amfani: nazarin ƙashin kai, binciken da ba na neman kuɗi ba, sharhi da suka, kawo labari, da kwaikwayo na zolaya. Ta kuma keɓe wasu abubuwan da ake yi wajen koyarwa da jarrabawa. Amma wajen auna ko amfani ya yi adalci, ana duba manufarsa, irin aikin da aka taɓa, yawan abin da aka ɗiba, da illar da hakan zai yi wa kasuwar mai shi. Bidiyon waƙa ba tsakure yake yi ba, waƙar yake ɗauka daga farko har ƙarshe. A cikin aji, gaban malami, hujjar ɗalibi tana da ƙarfi. A shafin da duniya ke gani, inda bidiyon zai iya janye masu kallo daga na mawaƙin, hujjar ta yi rauni sosai.

YouTube kuma ba ya jiran kotu. Yana da na'urar Content ID da ke kwatanta sautin duk abin da aka ɗora da rumbun waƙoƙin da masu su suka yi wa rajista. In ta gano waƙa, mai ita na da zaɓi uku: ya toshe bidiyon, ya bar shi amma kuɗin talla ya tafi wurinsa, ko ya sa ido kawai. Wannan da'awa ce, ba ta taɓa lafiyar tasha. Abin da ke da haɗari shi ne mai waƙa ya nemi a sauke bidiyon a hukumance, domin nan ne ake yi wa tasha gargaɗi, kuma gargaɗi uku da ba su goge ba suna iya sa a rufe ta. Kowane gargaɗi kwana 90 yake yi. Rubuta "waƙar ba tawa ba ce" a ƙasan bidiyo ba ya hana ko ɗaya daga cikin waɗannan. Hasali ma amsa laifi ne da hannunka.

Malamai sun kasu biyu a nan, kuma kowane ɓangare da hujjarsa. Wasu na barin ɗalibai su ɗauki shahararriyar waƙa bisa sharaɗin ba za a wallafa ba. A ganinsu abin da ake koya shi ne yanka hoto a kan kiɗa, kuma waƙar da ƙwararru suka haɗa ta fi ba da damar hakan, ba tare da an ɓata makonni wajen neman izini ba. Wasu kuwa na cewa neman izini shi kansa darasi ne, kuma duk wanda zai ci abinci da wannan sana'a sai ya iya shi. Matsalar ra'ayin farko ita ce sharaɗin ba ya riƙuwa: cikin mutum bakwai, sai an sami wanda zai ɗora a daren da aka gama. Matsalar na biyu ita ce yakan fifita rukunin da ke da ɗan'uwa mawaƙi a kan wanda ba shi da kowa.

## Ina za a samo waƙar?

Shahararriyar waƙa ita ce kowa ke fara ambata. Sautinta a gyare yake, masu fitowa sun haddace ta. Amma tana zuwa da kaya biyu. Izininta na da wuyar samu, kuma a waƙoƙin fim sau da yawa ba a hannun mawaƙin yake ba: furodusa ne ya biya aka yi ta domin fim ɗinsa, mai kiɗa na da nasa haƙƙin, wani kamfani kuma ke rarraba ta a intanet. Mawaƙi zai iya cewa "na yafe, ku yi" da zuciya ɗaya, alhali ba shi kaɗai ke da ta cewa ba. Kaya na biyu shi ne tana da bidiyonta da kowa ya gani, har da malamin da zai ba da maki. Duk abin da ɗalibai suka yi, da wancan za a gwada shi.

Mawaƙin da bai yi suna ba, ɗan makaranta ko ɗan unguwa, shi ne zaɓin da ya fi dacewa da yawancin rukunai. Yana buƙatar bidiyo kamar yadda suke buƙatar waƙa, zai zo wurin ɗauka, zai yarda a rage baiti ɗaya in waƙar ta yi tsawo. Tarkon da ke nan shi ne kiɗan. Matasa da yawa, musamman masu hip-hop, daga intanet suke sauko da kiɗa su ɗora murya. Irin wannan kiɗa yakan zo da sharaɗin ba na kasuwanci ba, ko kuma an sayar wa mutane da dama, wani cikinsu ya riga ya yi masa rajista. Tambayar farko ga mawaƙi ita ce: wa ya buga kiɗan, kuma a wane sitidiyo? Ta biyu: ka ba wani kamfanin rarrabawa waƙar? In ya bayar, Content ID zai iya kama bidiyon ɗalibai duk da izinin da ke hannunsu, sai mawaƙin ya nemi kamfanin ya janye da'awar.

Waƙoƙin gargajiya da ba a san mai su ba, irin na gaɗa, daɓe, niƙa da tashe, hanya ce da ba a cika bi ba, alhali tana da albarka. Doka ta sa irin wannan gado a ƙarƙashin kulawar Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, wadda ake taƙaita sunanta NCC kamar na hukumar sadarwa, amma ba ita ba ce. Amfani domin ilimi yana cikin abin da aka yi wa rangwame, tare da faɗin al'umma ko wurin da aka samo waƙar. Idan ɗalibai suka tara 'yan mata shida suka naɗi waƙar gaɗa da tafi, sautin nasu ne. Abin lura shi ne kada a ɗauko naɗin wani gidan rediyo ko na wani mawaƙin zamani da ya sabunta ta, domin wannan yana da mai shi. Kuma waƙar makaɗin fada ko ta wani sanannen mai kukuma ba ta shiga wannan aji don kawai ana kiranta ta gargajiya.

Sai kiɗan kyauta na intanet, irin na rumbun sauti na YouTube da masu lasisin Creative Commons. A nan haruffa ake karantawa. BY na nufin dole a ambaci mai shi yadda ya tsara. NC na nufin ban da neman kuɗi. ND na nufin ban da sarrafawa, kuma a ƙa'idar wannan lasisi haɗa kiɗa da hoto mai motsi sarrafawa ne, saboda haka waƙa mai ND ba ta yi wa bidiyon da za a wallafa. Raunin wannan hanya a fili yake: da wuya a sami waƙar Hausa, kuma babu mawaƙin da zai tsaya gaban kyamara.

Waƙar da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta haɗa ta shigo layi kwanan nan. Sharuɗɗan waɗannan manhajoji sukan bambanta tsakanin mai biya da mai amfani kyauta, kuma sashe na iya hana ta gaba ɗaya, don haka a tambayi malami tun kafin a fara. Bahaushe kuma yana gane ta da kunne: ƙ takan koma k, ɗ ta koma d, karin sauti ya karkace har kalma ta sauya ma'ana.

## Takardar izini

A doka, izinin da ba na mallakewa ba yana iya zama na baki. Amma na baki ba ya amfani ranar da YouTube ya nemi hujja, ko ranar da waƙar ta yi farin jini mawaƙin ya sauya ra'ayi. Shafi ɗaya ya isa. A rubuta sunan waƙar da tsawonta, sunan mawaƙi da na mai kiɗa, da furucinsu cewa su ne masu ita. A faɗi inda aka yarda a nuna bidiyon: aji kawai, ko har YouTube, TikTok da gasa. A faɗi a tashar wa za a ɗora, wa zai karɓi kuɗin talla in ya samu, da ko an yarda a gajarta waƙar. Kowa ya sa hannu da kwanan wata, malami ya shaida, kowane ɓangare ya riƙe kwafi.

Batun tasha shi ya fi haddasa rigima. Mawaƙi zai so bidiyon a tasa, ɗalibai za su so a tasu. Maslahar da aka fi yi ita ce mawaƙi ya ɗora cikakke da sunayen ɗaliban a rubuce, su kuma su riƙe damar nuna shi a gasa da wajen neman aiki. Masu fitowa ma su sa hannu a gajeriyar takardar yarda. Yaro kuwa sai da sa hannun mahaifi ko mai riƙonsa. Ɗaliban Nijar, hukumar BNDA ce ke kula da haƙƙin mawaƙa a wurinsu, amma buƙatar takarda ɗaya ce.

## A auna waƙa da agogo

Kafin a yi maganar daɗin waƙa, a duba tsawonta. Waƙar minti 3 daƙiƙa 180 ce. Idan hoto zai riƙa sauyawa duk bayan daƙiƙa 3, ana buƙatar yanka 60. Rukuni mai kyamara ɗaya kan ci kamar minti 20 wajen sauya wuri, gyara haske da maimaita ɗauka, wato a yinin awa 8 da ƙyar a kafa kyamara sau 24. Waƙoƙin nanaye da yawa sukan haura minti biyar, abin da ke ninka aikin kusan biyu. Shi ya sa waƙar minti 2 da rabi zuwa 3 da rabi ta fi dacewa. In an ƙallafa rai a kan doguwa, a nemi mai kiɗa ya cire baiti a sitidiyo. Yankewa da hannu a manhajar editin irin CapCut kan bar tsalle a kiɗan da kowa zai ji.

Daga nan sai a zauna da takarda, a saurari waƙar sau biyar ko shida, a rubuta taswirarta. Misali, waƙar wani matashi kan ɗan ci-rani, mai tsawon 3:10: buɗewa daga 0:00 zuwa 0:15, amshi zuwa 0:40, baiti na ɗaya zuwa 1:20, amshi zuwa 1:45, baiti na biyu zuwa 2:25, amshi zuwa 2:50, sai rufewa. Wannan takarda ita ce ƙashin bayan bidiyon. Waƙar da amshinta ke dawowa a fili ta fi sauƙin ɗauka, domin amshi wuri ne da hoto zai iya komawa gida. Waƙar da ke tafiya a miƙe babu hawa babu sauka takan gajiyar da edita, don ba ta gaya masa inda zai yanka.

Saurin kiɗa ma ana ƙirga shi: a ƙidaya bugu na daƙiƙa 15 a ninka sau 4. Kiɗa mai bugu 120 a minti yana cika zagayen bugu huɗu a daƙiƙa 2, mai bugu 90 kuwa a kusan daƙiƙa 2 da kashi biyu cikin uku. Mai sauri yana cin hotuna da yawa. Mai sanyi yana cin kaɗan, amma kowane hoto zai daɗe a ido, don haka duk kuskuren haske ko na wasa zai fito.

## Hoto zai bi waƙa, ko zai ƙara mata?

Masanin nan ɗan Ingila, Andrew Goodwin, ya bayyana a 1992 cewa hoto na iya hulɗa da waƙa ta hanya uku: ya kwatanta abin da take faɗa, ya faɗaɗa ma'anarta, ko ya saɓa mata da gangan. Waƙar ci-ranin nan za ta nuna bambancin.

Kwatantawa ita ce ke fara zuwa a ran kowa. Mawaƙi ya ce ya hau mota, a nuna tasha. Ya ce ya isa Legas, a nuna gada. Ya ce ya tuna mahaifiyarsa, a nuna tsohuwa ta yi tagumi. Mai kallo ba ya ɓata, amma bai ƙaru da komai ba, tunda kunnensa ya riga ya gaya masa. Kuma ita ce mafi tsada: tasha, mota, gari biyu, mutane da yawa, ga Legas da za a ƙirƙira a Zariya.

Faɗaɗawa takan tsaya a kan abu guda. A ce duk bidiyon a tsakar gida ɗaya ne. Kullum da magariba uwa tana zuba tuwo a kwanon ɗanta, ta rufe da faifai, ta ajiye a bakin ƙofar ɗakinsa. A amshi na farko kwanon na nan, ƙanensa ya zo ya ɗaga faifan, ta buge masa hannu. A na biyu iska ta kaɗa, ƙura ta hau faifan, ta share da gefen mayafi. A na uku kwanon babu komai, ga takalmi a bakin ƙofa. Baitoci kuma mawaƙin ne zaune a kan buhu yana rerawa. Wuri ɗaya, mutum uku, kwano ɗaya, yini biyu. Waƙar ta ba da labarin wanda ya tafi, hoton ya ba da na wadda aka bari. Ga ɗalibai masu ƙaramin aljihu, a nan riba take.

Saɓawa ita ce a ɗora hoton da ba shi da alaƙa ta zahiri da baitoci, kamar waƙar kewa a kan hoton biki. In ta yi kyau takan daɗe a zuciya. In ba ta yi ba, sai a ce ɗalibai ba su fahimci waƙar ba, kuma ranar kare aiki sai sun yi dogon bayani.

Ko wacce aka zaɓa, gwajin ɗaya ne: a faɗi konsef ɗin a jimla guda ga wanda ba ɗan rukuni ba. "Uwa na ajiye wa ɗanta tuwo kullum har ya dawo" ta wuce. In sai an yi minti biyar ana "daga nan kuma sai", to fim ake shirin yi, kuma minti uku ba za su ɗauke shi ba. A kuma ɗauki mawaƙin yana rera waƙar gaba ɗaya aƙalla sau uku, daga nesa, daga ƙirji, da kusa da fuska. Wannan shi ne abin cike gurbi duk inda labari ya gaza a wajen editin.

## Masu tacewa

Ƙa'idar 2024 ta hukumar ƙasa ta shafi tallata ko ƙawata shan taba da tsafin neman kuɗi a fina-finai, bidiyon waƙa da gajerun wasannin barkwanci. Ɗalibin da ke son nuna lalacewar matashi ta hanyar hayaƙin sigari a fuska, gara ya nemi wata alama. Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta fi matsawa kan sutura, rawa da cuɗanyar maza da mata, kuma a watan Mayun 2025 ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 saboda an sake su ba a kai mata ta duba ba. Masu goyon bayanta na cewa tana kare tarbiyya ne da mutuncin sana'ar. Masu suka na cewa ƙa'idojin kan yi faɗi har mai ƙirƙira ya rasa inda iyaka take. Ga ɗalibi, abin da ya rage shi ne aikin da zai tsaya a aji daban, wanda za a saki ga jama'a daga Kano daban, kuma na biyun ya kamata sashe ya tuntuɓi hukumar a kansa tun ana rubuta konsef. Waƙar siyasa da ta habaici kuwa suna jawo wa rukuni fitinar da maki bai kai ta ba.

## Abin da kan lalace ranar ɗauka

Mafi yawan ɓarna daga fayil ɗin waƙa take farawa. An ɗauki bidiyo da kwafin gwaji da mawaƙi ya turo ta WhatsApp, daga baya ya koma sitidiyo aka ƙara buɗewa ko aka ɗan ƙara sauri, sai baki ya daina haɗuwa da murya. Kada a kafa kyamara sai an karɓi gamammen fayil, kuma shi za a kunna a sifika shi za a sa a editin. A sa ƙara uku a gabansa, kamar tafi, domin mai rerawa ya san inda zai shiga, edita kuma ya sami wurin daidaitawa. Mawaƙi ya rera da murya sosai. Motsa leɓe kawai ana gane shi, don jijiyar wuya ba ta motsi.

Wutar Najeriya da Nijar mai zagaye 50 ce a daƙiƙa, don haka a saita kyamara a hoto 25 ko 50 a daƙiƙa. Wayoyi da yawa a 30 suke zuwa, kuma a ƙarƙashin wasu ƙwayayen lantarki hoton zai riƙa ƙyaftawa. Mai son tafiyar hawainiya tare da rerawa sai ya ɗauka a 50, ya kunna waƙar da ninkin saurinta, sannan ya mayar 25 a editin. Wannan na yiwuwa a waƙa mai sanyi, amma a baitin hip-hop harshe ba zai iya ba, abin da ya kamata a sani tun ranar zaɓe.

Hasken da ya fi kyau a waje yana tsakanin bayan la'asar da magariba, kuma ba ya kai awa biyu, ga shi dole a kashe sifika in an kira salla. Konsef mai buƙatar wurare huɗu a wannan haske yini huɗu yake nema. Rana tsaka takan sa hula ta jefa inuwa a ido, farar shadda kuma takan ruɗi kyamara ta duhunta fuska. Kwalin da aka manna wa takardar azurfa yana maido da haske. Kasuwar Kurmi ko marinar Ƙofar Mata suna da kyau a hoto, amma sai an gaida shugabannin wurin an nemi izini, kuma da an kunna waƙa yara za su cika gaban kyamara. Hoton 4K mai nauyin megabit 100 a daƙiƙa yana cin kusan gigabait 45 a awa, kuma tsohuwar laftof ba ta jan sa. Hoton 1080, wanda bai kai 4K nauyi ba, ya wadatar.

## Wa abin zai shafa

Ɗalibin da ya bi hanyar izini zai rasa mako ɗaya ko biyu a farko, amma zai fita da aikin da zai iya nunawa ko'ina. Wanda ya ɗauki shahararriyar waƙa zai iya cin maki mai kyau, sai dai aikin ya tsaya a filas. Ƙananan mawaƙa su ne za su fi cin moriya, domin bidiyon da ba za su iya biya ba zai zo musu kyauta, amma su ma takardar za ta tilasta musu sanin asalin kiɗan da suke hawa. Masu kiɗa a sitidiyo, waɗanda sunansu kan ɓace a bayan na mawaƙi, za su fara ganin ana neman sa hannunsu.

Nauyi mafi girma yana kan sassan karatu. Takardar aikin da ta ce "ku kawo bidiyon waƙa" kawai tana barin kowane rukuni ya yi wa doka fassarar da ta yi masa daɗi. Wadda ta faɗi irin waƙar da aka yarda da ita, iyakar tsawo, ko za a wallafa ko ba za a wallafa ba, tare da samfurin takardar izini a manne, tana rage gardama ranar kare aiki. Sashen da ke son taimakon rukunan da ba su san kowane mawaƙi ba zai iya tara sunayen ɗalibansa masu waƙa da masu kiɗa a farkon zango, ya liƙa a allon sanarwa tare da tsawon kowace waƙa.